Tafintoci Biyu

Ranar Juma'a Gareth ya ba ni aronsu,
mai shagon kayan sauti a gangaren Sheffield.
Ya ce, "Kai su gida, ka saurara zuwa Litinin,
kunne ba ya yanke hukunci a cikin shago."
Na rungumo akwati biyu cikin yayyafi
ina takawa kamar mai tallan ƙwai.

Aikinsu ɗaya ne, tafinta.
Sifiri da ɗaya ke shiga ta baya,
su fito ta gaba sun zama murya,
sun zama tsirkiya, sun zama fatar ganga.
Na azurfan fam dubu huɗu.
Baƙin ya ɗara shi da kuɗin tsohuwar motata.

Na ja kujera tsakiyar lasifikoki,
na auna da igiya, na saki labule,
na kashe firji don kada ya sa baki.

Na azurfan mai tsage gaskiya ne.
Yana kawo numfashin mai sarewa kafin busar,
da zamewar yatsa a kan tsirkiya,
har kukan kujera a ɗakin ɗaukar sauti.
Ba ya rufa wa kowa asiri.
Baƙin kuwa dattijo ne mai gyara zance,
yana shafa wa kaifi man shanu,
ya tura bango baya, falo ya buɗe,
mai goge ya koma can hagu, kusa da taga.

Haka na rubuta, shafi uku cur.

Asabar da dare Rumasa'u ta sauko,
ta karanta, ta yi dariyar 'yan jami'a.
"Baba, juya baya. Ni zan riƙa sauya waya,
kai ka faɗi wanda ke magana."
Sau goma na amsa, babu ko inda-inda:
azurfa, baƙi, baƙi, azurfa.
Ta ce, "Tun daga na uku ban taɓa komai ba.
A biyun farkon ma ka faɗi ɗaya."

Na tuna takardar asibiti a aljihun kwat,
mai zanen layi da ke gangarowa kamar titinmu.
Shekara ashirin da biyu a masana'antar ƙarfe
sun cinye mini saman sauti,
ni kuma ga ni ina cinikin abin da ke can.

Lahadi bayan asuba, gida tsit,
na nemo kaset ɗin da aka mayar mini lambobi,
saƙon mahaifina daga Gumel
shekarar da na zo. Rikodar aro, batir ya gaji.
Azurfa ya ba ni shuuu ɗin kaset ɗin duka,
da keken ɗinkin maƙwabci,
da wani tari da ya danne tsakanin gaisuwa biyu,
wanda ban ji ba a wancan lokacin,
ko ban so ji ba.
Baƙi ya lulluɓe tarin da mayafi,
ya cika masa ƙirji, ya rage masa shekaru,
ya zaunar da shi lafiya lau a gabana.

Ko dai ni ne?
Babu mai sauya waya, babu mai shaida.
Amma a jimlar ƙarshe bakinsu ya zo ɗaya:
"Ka riƙa sa rigar sanyi.
Kada ka ci bashi a ƙasar mutane."

Litinin na dire su a kan kanta.
Gareth ya ɗaga gira. "To, wanne?"
Na ce, "Duka sun iya fassara.
An dai hana ni cin bashi."
Har na kai ƙofa, ƙararrawa ta kaɗa, na juyo.
"Ƙara mini mako guda da na azurfan.
Aro ai ba bashi ba ne."